Haƙarƙarin Ƙarfe

Ranar Laraba Mannir ya turo ta rumfata,
gawar Bosuwaja, ba ƙofa, ba rufi,
an feɗe ta har wutsiya,
inji kaɗai ya rage a baya
yana tari kamar tsohon da ya ƙi barin taba.
Ya ce, "Baba Sada, rairayi za ta hau,
tuddan nan na hanyar Mai'aduwa.
Ko ƙusa ɗaya kar a ƙara mata nauyi."

Na ce zan yi mata haƙarƙari.
Ya ce tsuntsu yake so, ba keji ba.
Na ce ko tsuntsu da ƙashinsa yake tashi.

Kwana uku muna ja-in-ja a kan fayif.
Ya kawo na tsohon gado daga 'yan gwangwan,
na ɗora shi a gwiwa, na lanƙwasa a gabansa.
Bai ce uffan ba. Ya koma kasuwa.

Baka ɗaya bayan ƙeya, baka ɗaya saman goshi,
sanda ta gitta daga kafaɗa zuwa ƙugu,
don mai kusurwa huɗu rago ne,
da an ture shi sai ya kwanta;
mai kusurwa uku ne ɗan taurin kai.
Wuta ta ɗauke sau bakwai, na ƙarasa da janareta,
idona ya kwana kamar an zuba barkono.

Bel kuwa ban ɗaura shi a kujera ba.
Kujera baƙuwa ce, tana iya tashi.
A jikin ƙarfen na kafa shi, noti huɗu.
Na ja, na ƙara ja, har ya ce, "Numfashi fa?"
Na ce shi nake adana maka.

Kuma in ta tashi kifewa,
hannunka zai so fita ya tari ƙasa.
Hana shi. Ƙasa ba ta musabaha.
Na nuna masa haguna,
yatsu uku da guntu.
Ya kawar da kai.

Asabar bayan la'asar ban je ba,
ina da ƙofar wani da zan gama.
Yarona Tasi'u ne ya dawo ba hula,
ya ce ta hau tudu a kaikaice,
tayar gangare ta nutse,
ta yi alkafura biyu
ta tsaya ƙafafu a sama kamar buzuzu.
Tsit. Taya ɗaya na ta juyi ita kaɗai.
Ba wanda ya so ya fara isa.

Suka tarar da shi a rataye kamar jemage,
hular kwano cike da yashi,
hannu biyu ƙam a sitiyari,
yana salati, yana tofar da ƙasa,
yana tambayar ina takalminsa.

Lahadi aka kawo ta a amalanke.
Bakan baya ya sunkuya, tsawon yatsa,
daidai inda kansa yake.
Ya ce a sa guduma ya miƙe.
Na ce ƙarfen da ya lanƙwashe ya biya bashinsa,
ba a bin sa sau biyu.
Bel ɗin ma na sa masa wuƙa,
kar gobe wani ya tsince shi a kasuwar Daura
ya ɗauka sabo ne.

Mahaifiyarsa ta aiko da ƙwaryar fura
da saƙon in na sake taɓa motar nan
ba ta yafe ba.
Na sha furar. Ta ji nono.

Guntun bakan yana nan jikin bango,
a kansa nake rataye tabarau na walda.
Jiya Mannir ya zo, wuya a sanƙare,
ya daɗe yana shafa lanƙwasar da babban yatsa.
Sannan ya ce, "Baba,
akwai wanda ya fi wannan kauri?"